Aljihu da Lissafi: An Hana Ni Talabijin Saboda Tsohon Bashin Manhaja

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni tela ne a Rijiyar Lemo, Kano, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Wata biyar ke nan da talabijin ɗinmu ya mutu, daren da aka kawo wuta da ƙarfi. Tun daga nan yara ba sa zaman gida, da an idar da magariba sai gidan maƙwabta. Babbar cikinsu mace ce, shekararta 13, kuma wannan fitar ta dare tana hana ni barci.

Na je wani shago da ke ba da kaya a biya wata-wata. Mai inci 43, kuɗi hannu naira 300,000. In bashi ne, zan ba da 90,000 kafin alƙalami, sannan 45,500 duk wata har wata shida. Yarinyar da ke cike fom ta karɓi BVN ɗina, bayan kamar minti goma ta juyo min da fuskar wayarta ta ce an ƙi, wai sunana yana da matsala. Na san inda matsalar take. A 2023, da aka yi wa maiɗakina tiyatar haihuwa, na ci bashin 35,000 a wata manhaja ta waya. Na biya 20,000 abin ya gagara. Suka dinga tura wa mutanen da ke wayata saƙo cewa ni macuci ne, har da surukina. Baƙin ciki ya sa na cire layin na jefar. Yanzu na ji kuɗin ya kai 71,000.

Da na fito, wani yaron shagon ya biyo ni ya ce in ba shi 15,000 zai sa a goge sunana, ko in kawo BVN na matata a yi da shi. Akwai kuma wani ɗan kasuwa da ya ce shi ba ruwansa da BVN. In ba da rabi, 150,000, in kawo mai tsaya min, in riƙa ba shi 50,000 har wata huɗu, amma in na tsallake biya biyu zai ɗauke kayansa kuma ko sisi ba zai mayar min ba. Abin da ke hannuna yanzu 110,000 ne. Malam wanne zan bi? Kuma wannan ciniki ya halatta kuwa?

Naka, tela daga Rijiyar Lemo.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara wa mai jego ta wancan lokaci lafiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne 'yarka mai shekara 13. Saboda ita ba zan ce maka talabijin kayan alatu ne ka haƙura ba. Uban da yake son yaransa su zauna a gabansa bayan magariba yana da hujjarsa, kuma zan yi ƙoƙari in nuna maka yadda allo zai haskaka a ɗakinka ba tare da ka sake faɗawa rami ba.

Amma fara da wannan: 15,000 ɗin nan kada ka ba yaron. Ko ya rantse da abin da zai kashe shi, ba shi da makullin wurin da sunanka yake.

Na yi shekara 11 a sashen ba da lamuni da karɓo bashi na wani ƙaramin banki kafin in ajiye aiki, don haka na san abin da yarinyar nan ta gani a wayarta. A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Banki ya ba lasisin tattara tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna, ƙananan bankuna da yawancin kamfanonin bashi masu rajista suna tura musu bayani a kai a kai: wane ne ya ci, nawa ya ci, yaushe ya biya, kwana nawa ya makara. Igiyar da ta ɗaure duk wannan ita ce BVN, wadda aka fara a 2014, kuma an ɗaure ta da yatsunka da fuskarka. Shi ya sa jefar da layi bai raba ka da komai ba. Ka jefar da hanyar da za su kira ka, amma bashin yana nan manne da lambar da za ka mutu da ita. Daga wannan tarihi ake fitar da maki, a CRC daga 300 zuwa 850, kuma kwamfutar kamfanin da ke bayan shagon ita ce ke cewa e ko a'a. Yarinyar ba ta da ta cewa, balle yaron da ke ɗaukar kwali. Wanda ya tura bayanin, wato kamfanin da ya ba ka bashi, shi ne ke iya tura gyara. Duk wanda ya ce maka zai goge suna da kuɗin goro, ko dai ya cinye ya ɓace, ko ya cike fom da bayanan ƙarya da hotonka a kai, ranar da asiri ya tonu kuma kai za a kama.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar tarihin bashi ta 2017 ta ba kowane mutum damar karɓar rahoton kansa kyauta sau ɗaya a shekara. Ka sa wani yaro mai ilimin waya da ka amince da shi ya zauna kusa da kai, ku shiga shafin kowane kamfani cikin ukun ku nema, don mai bashinka zai iya tura wa ɗaya ya bar biyu. In ka manta lambar BVN ɗinka, ka danna *565*0# a layin da ka yi rajistar BVN da shi. A cikin rahoton ka duba sunan kamfanin da ke bin ka, adadin da suka rubuta, da ko akwai wani bashin da ba kai ka ci ba. Wannan na ƙarshe yana faruwa, na ga mutanen da aka ci bashi da sunansu ba su sani ba sai ranar da suka zo neman nasu. Kuma ka ce “na ji kuɗin ya kai 71,000”. A wurin wa ka ji? Ka gani a rubuce tukuna.

To, tsohon bashin. Ina so ka raba abu biyu da suka cakuɗe a zuciyarka. Abin da suka yi maka na tozarta ka a wurin surukinka zalunci ne, kuma hukuma ma ta san zalunci ne. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci wani kamfanin irin wannan tarar naira miliyan 10 saboda tura wa 'yan'uwan masu bashi saƙonni. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da bashi ta waya su yi rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin mutane da hotunan da ke waya. In akwai wanda har yanzu yake da saƙon da aka tura masa a kanka, ya ɗauki hotonsa ya ajiye maka. Kana da damar kai ƙara FCCPC, kuma wannan hoto makami ne a hannunka lokacin sasantawa.

Sai dai zaluncinsu bai biya maka bashi ba. Naira 35,000 ta shiga asusunka ranar da matarka ke kwance, ka mayar da 20,000, saura 15,000 na asalin kuɗi. Wannan ba shi da makawa, duniya da lahira. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a ce ana bin mutum. Abin da ya hau kai na ruwa da tara kuwa, nan ne filin ciniki. Ka nemi adireshin kamfanin na gaskiya, wanda ke cikin rahoton ko a jerin FCCPC, ka rubuta musu cewa kana so ka rufe wannan asusu da biya ɗaya, ka faɗi abin da za ka iya. Bashin da ya shekara biyu a kwance, mu a ofis mun riga mun cire rai da shi, kuma duk wanda ya shigo da kuɗi a hannu yana neman sulhu kujera muke ba shi. Sau da yawa ana yafe tara gaba ɗaya. Amma ka kiyaye abu uku nan: su rubuto maka adadin da aka daidaita kafin ka tura ko kwabo, ka tura asusun kamfani ba asusun wani ma'aikaci mai sunan mutum ba, sannan ka karɓi takardar shaidar babu bashi. Takardar nan ka yi mata hoto, ka sa ta inda kake ajiye takardar gida. Kada in yaudare ka, sunanka ba zai fito fes washegari ba. Doka ta ce a riƙe bayanin aƙalla shekara shida. Abin da zai canza shi ne a daina rubuta “ana bin sa” a koma “ya biya”, kuma a idon mai ba da lamuni tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya mai nisa.

Maganar BVN na maiɗakinka, amsata a'a ce, kuma ina roƙonka kada ma ka kai mata maganar, don in ka tambaye ta kunya za ta sa ta ce to. Duk wanda aka sa lambarsa shi ne mai bashi a takarda, ko da bai taɓa riƙe rimot ɗin ba. In wata ɗaya ya kuɓuce maka, ita za a kira, sunanta zai lalace kamar naka, sai ya zama gida guda babu mai sauran ƙofa a buɗe. Tun 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin Babban Banki da ake kira GSI, wanda ya ba bankuna da cibiyoyin kuɗin da ke cikinsa damar bin BVN ɗin mai bashi su cire abin da suke bi daga duk asusun da yake da shi a wani banki. Ka ɗauka ta kwashi adashinta an turo mata, da safe ta ga alat an zare. Me za ka ce mata? Sunan matarka mai tsabta shi ne abin da ya rage muku na ranar da, Allah ya kiyaye, za a sake buƙatar kuɗin asibiti cikin dare.

Yanzu ɗauko alli irin na awo mu yi lissafi a kan teburin yanka.

Shago na farko: 90,000 da 45,500 sau shida, wato 273,000, jimla 363,000. Ƙarin 63,000 ke nan. Za su ce maka kashi 5 cikin ɗari ne kacal a wata, kuma a fuska haka ne, don 10,500 kashi 5 ne na 210,000 da suka biya maka. Amma duba da kyau. Kowane wata kana rage 35,000 daga asalin bashin, ruwan kuwa ba ya raguwa. A wata na shida abin da ya rage a kanka 35,000 ne, amma 10,500 ɗin nan za ka biya a kansa. In aka auna da abin da ke kanka a zahiri wata bayan wata, ruwan ya kai kusan kashi 8 a wata, a shekara kuma ya doshi ɗari bisa ɗari. Ban sa kuɗin fom, kuɗin inshora da tarar makara ba, waɗanda galibi suna cikin ƙananan rubutun da ake cewa “sa hannu nan kawai”.

Ɗan kasuwa: 150,000 da 200,000, jimla 350,000. Ya fi na farko sauƙi da 13,000 a jimla, shi ya sa yake da daɗin ji. Amma abin da ya ɗaga maka 150,000 ne kawai, na wata huɗu kawai, ya ɗora 50,000. In aka yi masa irin awon da muka yi wa na farko ya haura kashi 12 a wata. Wannan shi ne kuɗin da mai tabo a suna yake biya a ko'ina: kafin alƙalami mai nauyi, lokaci gajere, da sharaɗi mai kaifi. Kuma sharaɗin ne ya fi tayar min da hankali. Ka biya 150,000, ka biya wata biyu, 250,000 sun fita daga hannunka, sai ciwo ko rashin aiki ya sa ka tsallake biyun ƙarshe. Ya zo ya ɗauke. Ba talabijin, ba 250,000, ga mai tsaya maka ana jan rigarsa a kasuwa.

Kada ka ce doka za ta tare maka. Akwai dokar sayen kaya ta hanyar haya ta 1965, wadda ta ce in mai saye ya biya rabin kuɗin kaya, ko kashi uku cikin biyar in mota ce, ba a ƙwace kaya sai ta kotu. Amma ban da motoci, dokar ta taƙaita ne ga kayan da kuɗinsu bai wuce naira 2,000 ba, adadin da ya yi ma'ana a zamanin fam da sule. Yau ko batirin rimot da wayar eriya sun kusa cinye shi. Abin da zai yi aiki a kanka shi ne takardar da ka sa wa hannu.

Na taɓa zuwa ɗaukar kaya, ƙanena, ba sau ɗaya ba, kuma akwai wata Talata da ba ta barin raina. Da hantsi muka isa gidan da a-kori-kura. Maigidan ya biya wata bakwai cikin goma, aiki ya tsaya masa. Ya fita tun asuba don kada mu haɗu. Uwargidan ba ta ce mana uffan ba. Ta cire ƙyallen da ta saƙa da hannunta take rufe talabijin ɗin, ta ninke shi huɗu ta riƙe a ƙirji, tana kallon abokin aikina yana kwance kusoshi. Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Abin da muka bari a bango ƙarfen rataye ne da wayar dish tana lilo. Mun kai zaure sai ga ɗansu, bai fi shekara shida ba, ya biyo mu da gudu ya miƙo min rimot, ya ce, “Baba kun manta wannan.” Na karɓa, don aikina ke nan. Amma ba na so wani ya shiga gidanka a Rijiyar Lemo ya yi wa yaranka abin da na yi wa wannan yaro.

Kuma kai ka fi ni sanin sana'arka. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren Sallah keke ba ya hutawa, kana kwana a shago, har kana mayar da ɗinki. Bayan babbar Sallah kuwa, in damina ta yi nisa, sai ka wuni a kan gyaran zik da rage ƙafar wando. Bashin wata-wata bai san wannan ba. An gina shi ne a kan mai albashi, wanda 45,500 ɗinsa na watan Agusta daidai yake da na watan azumi. Wannan ma yana iya zama rabin dalilin da aka ƙi ka, don suna duba shige da ficen asusunka, kai kuma yawancin kuɗinka a hannu kake karɓa ka sa a aljihun gaba. Daga yau ka riƙa cewa masu ɗinki su yi maka taransifa, ko ka zuba abin da ka samu a asusu kafin ka kashe. Wata shida na wannan zai nuna wa kowane banki cewa akwai sana'a a bayan sunan.

Ka tambayi halacci. Abin da ya kamata ka fara tambaya a kowane shago shi ne: wa yake sayar min, kuma wa zan biya? A shago na farko, yadda ka kwatanta, mutum uku ne. Wani kamfani ya biya shagon 210,000 a madadinka, kai kuma ka mayar wa kamfanin 273,000. Kamfanin bai mallaki talabijin ba, kuɗi ya ba da ya karɓi kuɗi da ƙari, kuma wannan shi ne surar da malamai suka kira riba, wato kuɗin ruwa da aka haramta. Na ɗan kasuwa daban ne. Kayansa ne, ya sayar maka a kan 350,000 zuwa wani lokaci. Jumhurun malamai sun halatta farashin ajali ya fi na kuɗi hannu, muddin an tsaya a kan farashi ɗaya kafin a rabu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, ta kuma ce ba a ƙara wa mai saye komai don ya makara, kuma mai sayarwa ba ya riƙe mallakar kaya bayan ciniki ya faɗa, sai dai ya sharɗanta a jinginar masa da su. Hukuncin jingina kuwa sananne ne: in biya ya gagara a sayar da kayan, mai bi ya ɗauki abin da yake bi, ragowar ta koma wa mai kaya. Ka ga ke nan asalin cinikin ɗan kasuwar nan yana da hanya, sharaɗin “ko sisi ba zan mayar ba” ne ba shi da ita. In ka ga dole sai shi, ka je da dattijo ɗaya da malamin unguwarku a canza wannan layi, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, kamar yadda aya ta 282 ta suratul Baƙara ta yi umarni. In ya ƙi, ka san abin da yake hange tun farko.

Bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019 da Lotus a 2021, suna yin murabaha, su sayi kayan su sayar maka da riba sananniya. Amma su ma suna duba wancan rahoto, kuma sun fi sakin jiki da mai albashi. Hukumar CREDICORP da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024 don sauƙaƙa wa mutane sayen kaya bashi ta fara ne da ma'aikatan gwamnati, kuma ta hannun bankuna take bi. Duk ƙofar da ka nufa, tsohon bashin nan yana zaune a bakinta yana jiran ka.

Ga abin da zan yi da a ce ni ne da 110,000 ɗin nan. Gobe da safe zan ɗauki mataccen talabijin ɗin in kai wa mai gyara, don a wasiƙarka ban ga inda ka ce an buɗe shi ba. Wutar da ta zo da ƙarfi yawanci ɓangaren da take shiga take ƙonawa, wanda masu gyara ke kira fawa, gilashin kuma yana nan lafiya. In sauti yana fita hoto ne babu, sau da yawa fitilun bayan gilashi ne. Duka biyun ana canzawa, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sabo ba. Ka tsaya a buɗe a gabanka. In gilashin ne ya tafi, to ka nemi ɗan ƙarami na hannu, mai inci 24 ko 32, a kunna maka shi ya yi rabin sa'a a shagon kafin ka biya. Yara ba inci suke kallo ba, kuma ƙaramin ya fi sauƙin ɗauka ga ɗan janareto ko batirin sola. Da dish na tashoshin kyauta za su sami Arewa24 da tashoshin karatu da wa'azi ba tare da kuɗin wata ba. Ko wanne ka samu, kada ka sake jona shi a bango kai tsaye. Sayi sitabilaiza ko ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, don ko sabo ne, garanti ba ya ɗaukar ƙunar wuta a mafi yawan lokuta.

In ce sulhun tsohon bashi ya ci 30,000, gyara ya ci 30,000, saura 50,000. To wannan 45,500 da ka yarda za ka iya ba kamfani duk wata, ka ba kanka. Ka zuba a adashi mai amana, ko asusun da ba ka riƙe katinsa. Wata shida 273,000 ne, da 50,000 ɗinka 323,000. Ranar da ya kamata a ce kana biyan kason ƙarshe na bashi, ranar za ka shiga shago da kuɗi hannu ka yi ciniki har a rage maka, ga canji, ga na gida yana aiki tun tuni, ga sunanka an rubuta “ya biya”. In kuma ka gwada wata biyu ka ga 45,500 ba ta fita ba, to ka gode wa Allah da kwamfutar nan ta ƙi ka.

Na san abin da za ka ce, kaya suna tashi. Gaskiya ne, daga Yunin 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa wajen 1,500, kuma duk wanda ya ɗauki kaya bashi kafin nan ya ci riba. In wannan ne tsoronka, akwai tsohuwar hanyar da 'yan kasuwarmu suka sani tun kafin zuwan manhaja: ka zaɓi kaya, a tsayar da farashi, ka riƙa kai kuɗi ana rubutawa a littafi, kwalin yana ajiye da sunanka a jiki har ka cika. Ka tabbata an rubuta lambar jikin talabijin ɗin a rasit na farko, kuma mai shagon mutum ne da aka san gidansa da mahaifinsa.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Gusau. Na ci bashin albashi a wani ƙaramin banki, na makara wata uku lokacin da aka riƙe mana albashi, amma na biya duka tun bara. Makon jiya na je ɗaukar firji a biya kaɗan-kaɗan aka ce har yanzu ana bi na. Ina da rasit ɗina duka. Yaya zan yi?

AMSA

Barka kadai Malama, Allah ya saka da alherin tarbiyyar yaranmu. Naki mai sauƙi ne, kuma gaskiya tana wurinki. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne an karɓi kuɗinki amma ba a tura sabon bayani ga masu tattara tarihin bashi ba, ko kuma wata 'yar tara ta kwanakin makara ta maƙale a asusun ba a gaya miki ba. Ki fara karɓo rahotonki na kyauta ki ga adadin da aka rubuta. Sannan ki rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshen, ki haɗa da kwafin rasit, kada ki ba da na asali. Ki nemi abu biyu a ciki: takardar shaidar babu bashi, da su gyara bayaninki a duk inda suka tura shi. Ki je da kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a ɗaya ki dawo da shi gida. Ki tura irin wannan ƙorafi ga kamfanin da ya fitar da rahoton, doka ta ɗora masa ya bincika. In mako biyu suka wuce bankin bai ce komai ba, ki kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, ki haɗa da wasiƙar nan mai hatimi. Kafin a gama gyaran kada ki yi ta zagaya shaguna ana gwada BVN ɗinki, don kowace nema tana shiga rahoton. In takardar ta fito, ki tambayi ƙungiyar gama kai ta malamai a ƙaramar hukumarku ko suna ɗaukar wa mambobi kayan gida a cire daga albashi, ki kwatanta jimlarsu da ta shagon kafin ki sa hannu.